Kunne Ya Yi Sanyi, Kyanwa Ta Yi Shiru

Da sanyin safiyar hunturu aka fi ganin irin wannan. Maigida ya fito zai kai yara makaranta, ya murza makulli, inji ya tashi, sai aka ji wata ƙara daga ƙarƙashin bonet, wani abu ya faɗo ƙasa ya yi bayan gida a guje. Kyanwar gidan ce. Tun cikin dare ta shige ta lafe kusa da inji saboda ɗan ɗumin da ya rage a jikinsa, fambel ya same ta a cinya. Aka yi ta nema, sai can da hantsi aka gano ta a lungun da ake jingine buhun gawayi, a kwance, ba kuka ba yakushi. Jinin ma bai taka kara ya karya ba, ɗan ɗigo-ɗigo ne a siminti. Autar gidan ta tsuguna ta shafa ta, ta ɗago ta ce, "Umma, kunnenta sanyi kamar ƙanƙara." Uwar ta leƙo daga kicin ta ce, "Sanyin gari ne. Tunda ta yi shiru ai da sauƙi. Ƙyale ta ta huta, anjima a jiƙa mata rabin Panadol a madara."

Yarinyar ce ta ga abin da likitan dabbobi zai fara dubawa. Sanyin kunnen nan ba na gari ba ne, shirun kuma ƙarfin yin kukan ne ya ƙare. Rabin ƙwayar da za a jiƙa kuwa, ko lafiyayyar kyanwa aka ba yana iya aika ta lahira. Halin da dabbar take ciki shi likitoci ke kira shok, kuma yana cikin abubuwan da suka fi saurin ɗauke kyanwa bayan hatsari.

Sunan yana rikita mutane. Ba firgita ake nufi ba, ba kuma jan wutar lantarki da yara ke ce wa shokin ba. Shok shi ne jini ya kasa isar da iskar oksijin ga sassan jiki gwargwadon buƙatarsu. Duk wanda ya zauna a unguwar da ake rabon wuta zai gane abin nan da nan: in wutar da ake samu ta yi kaɗan, sai a yanke wa wasu layuka a bar wa asibiti da gidan ruwa. Haka jiki yake yi. Da jini ya ragu sai ya tsuke hanyoyin da ke zuwa fata da ƙafafu da hanji, ya tattara ɗan abin da ya rage ya tura wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa kunne da tafin ƙafa ke yin sanyi, dasashi ya yi fari. Dabara ce ta ɗan lokaci kawai. In aka daɗe a haka, sassan da aka yanke wa sai su fara lalacewa, ƙoda ta daina tace fitsari, tsami ya taru a jini, har a kai inda ko an mayar da jinin da ya zuba ba zai ƙara amfani ba.

Ita kuwa kyanwa ba ta da jinin da za ta yi facaka da shi. Kowane kilo na nauyinta yana ɗauke da kimanin mililita 60, alhali na kare yana kaiwa 90. Wato kyanwa mai kilo 4, babba ke nan a gidajenmu, duk jinin jikinta bai wuce mililita 240 ba, bai ma cika rabin ledar ruwan nan ta mililita 500 ba. In babban cokali 5 ya zuba, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba lallai a gan shi a ƙasa ba. Yana iya tsiyaya cikin ciki daga saifa ko hanta da ta tsage, ko cikin ƙirji, ko ya taru a naman cinya gefen ƙashin da ya karye, fata tana lulluɓe da komai.

Abin mamaki, da kyanwa aka fara gano abubuwa da dama da aka sani game da yadda jiki ke amsa tsoro da rauni. A ƙarshen shekarun 1890, wani ɗalibin likitanci a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya riƙa ba kyanwoyi abinci gauraye da sinadarin bismut yana kallon cikinsu da na'urar hoton ƙashi, wadda a lokacin sabuwa ce fil. Ya lura cewa da zarar kyanwa ta fusata ko ta tsorata, sai tumbinta ya tsaya cak, ya daina niƙa abinci. A 1911, shi da abokin aikinsa Daniel de la Paz suka sa kare yana yi wa kyanwa haushi, suka ɗebi jininta, suka tarar da sinadarin adirenalin ya kwararo ciki. Daga nan bayanin da ake koyarwa har yau ya fito, cewa jiki yakan shirya kansa ko dai ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. A 1917 Cannon ya tafi fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa, ya ga sojoji masu rauni suna yin fari, suna sanyi, suna mutuwa a hankali, ya kuma ga yadda sanyin ramukan yaƙi ke ƙara dagula su. Shi ya ɗauka wata guba ce ke fita daga naman da ya dagargaje. Sai a 1930 Alfred Blalock na jami'ar Vanderbilt ya nuna cewa babban abin da ke faruwa shi ne jini da ruwa na tserewa daga hanyoyinsu. Tsayawar tumbin nan da Cannon ya gani tana da amfani ga mai kyanwa har gobe, za a zo kanta.

Sai dai kyanwa tana da nata salon da ya saɓa wa na mutum da na kare. Su in jini ya ragu zuciya kan ƙara gudu don ta cike giɓi. Ita sau da yawa akasin haka take yi: zuciya ta rage gudu, jiki ya yi sanyi, ƙarfin jini ya faɗi ƙasa, uku a lokaci guda, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Sanyi yana sa jijiyoyin jini su daina jin umarnin adirenalin, sai su saki, ƙarfin jini ya ƙara sauka, jiki ya ƙara sanyi. Wanda ya saba da awaki ko karnuka yana iya dafa ƙirjinta ya ji bugu a natse ya ce alhamdu lillahi, alhali natsuwar ce alamar haɗari.

Duba ta bai fi minti ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar kayan aiki. A ɗaga leɓenta na sama da yatsa a kalli dasashi. Na lafiyayyar kyanwa ja-ja ne mai haske, da danshi. In ya yi fari kamar takarda, ko toka-toka, ko ya yi shuɗi, magana ta ƙare, asibiti ake nema. A danna shi da ɗan yatsa har wurin ya yi fari a saki. Ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. In ya tsaya yana jan ƙafa, jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Sannan a sa tafin hannu a ƙirjinta ta hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba, a ƙirga bugu na daƙiƙa 15 a ninka sau 4. Kyanwar da ke cikin tsoro da ciwo ya kamata zuciyarta ta yi 180 zuwa 220 a minti. In aka sami ƙasa da 140 a jikin wadda ta ji rauni, abin ya yi nisa. Numfashinta in tana hutawa 20 zuwa 30 ne a minti. Kare yana haki da baki buɗe don ya sha iska, kyanwa ba ta yi sai da dalili mai ƙarfi. In aka ga ta buɗe baki tana jan iska, ta miƙa wuya, cikinta yana shiga yana fita, to huhu ne ko zuciya. Zafin jikinta na lafiya digiri 38 zuwa 39 da ɗoriya ne, ya ɗara na mutum, saboda haka kyanwar da aka taɓa hammatarta aka ji ta fi hannu sanyi ta riga ta sauka sosai. Ba sai an tsaya kokawar cusa mata ma'aunin zafi ba.

Gurnanin nan mai laushi da take yi a maƙogwaro ma yana yaudarar mutane. Tana yin sa in ana shafa ta, tana kuma yin sa in tana naƙuda ko tana bakin mutuwa. Haka ɓuya. Kyanwa mafarauciya ce, amma ita ma abin farauta ce ga wanda ya fi ta, don haka in ta ji rauni ba ta tallata shi, lungu take nema. Kirarin da ake mata na mai kwanciyar ɗaukar rai, a irin wannan rana nata ran ne ke kan layi.

Hatsarin mota da babur su ne kan gaba wajen jefa kyanwa cikin shok, sai cizon kare, sai faɗowa daga bene ko dogon gini. Akwai wani bincike da ya yi suna a kan faɗowa, wanda likitoci biyu, Whitney da Mehlhaff, na wani babban asibitin dabbobi a birnin New York suka wallafa a 1987. Sun duba kyanwoyi 132 da suka faɗo daga dogayen gine-gine, a matsakaicin lissafi daga hawa 5 da rabi. Kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sun rayu, kuma wannan adadi ne jaridu suka yi ta yayatawa a matsayin shaidar cewa kyanwa ba ta mutuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kashi 90 cikin 100 na kyanwoyin sun ji rauni a ƙirji, huhu ya ƙuje ko iska ta taru a gefensa, kuma waɗanda suka mutu nan take a kan titi ba wanda ya kai su asibiti balle a ƙirga su. Waɗanda suka rayu, da magani suka rayu. Kyanwar da ta faɗo ta miƙe ta yi tafiyarta na iya zuwa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki a yage, hanji ya hau ya danne huhu, ko mafitsara a fashe, ba za a gane ba sai bayan sa'o'i ko kwana. Cizon kare shi ma haka: 'yan huji biyu a fata, amma girgizar da ya yi mata ta farfasa abin da ke ƙasa.

Ba kullum sai da hatsari ba. Amai da gudawa na kwana biyu sun isa su tsotse 'yar ƙaramar kyanwa. Mahaifa mai ruɓa bayan haihuwa ko ƙurji mai zurfi na iya sa ƙwayoyin cuta su shiga jini, jijiyoyi su saki gaba ɗaya. Ciwon zuciya, wanda a kyanwa yakan zo da kaurin bangon zuciyar, yana ɓoyewa shekaru sannan ya bayyana dare ɗaya. Wasu nau'o'in shinkafar ɓera suna hana jini daskarewa ne, kuma ba sa nuna kansu sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da kowa ya manta an zuba magani a sito. Kyanwar da aka ajiye don ɓeraye ita ce ke cin ɓeran da ya ci gubar. Sai kuma muzuru da ke ta zirga-zirga yana tsugunawa yana yunƙuri ba abin da ke fita. Mutanen gida kan ce kashi ne ya ƙi fita. Sau da yawa fitsari ne ya toshe, domin hanyarsa siririya ce ƙwarai, kuma cikin kwana 1 zuwa 2 sinadarin fotasiyam yakan taru a jini har ya nemi tsayar da zuciya.

Abin da mai kyanwa zai iya yi a gida kaɗan ne, kuma na farko shi ne ya kare hannunsa. Ko kyanwar Lami ce, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, in ciwo ya kai mata ko'ina tana iya huda yatsan mai ba ta abinci. Haƙoranta kamar allura suke, suna kai ƙwayoyin cuta can cikin gaɓa, hujin ya rufe a kansu. A jefa mata babban tawul ko zane mai kauri, a rufe har kai in tana faɗa, duhun yana kwantar mata da hankali. Kada a ɗaga ta da fatar ƙeya, kada a ɗaure mata baki. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawarta, ya kuma je asibiti a ranar, musamman in ta titi ce ko kare ne ya cije ta. Ciwon haukan kare ba a kare kaɗai ya tsaya ba.

In jini na zuba a fili, a ninke tsumma mai tsabta a danna a kai, a riƙe minti 5 zuwa 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, domin kowane leƙe yana ɓalle ɗan gudan da ya fara haɗuwa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Toka, ƙasa, gishiri, man birki, baƙin mai, duk abubuwan da aka saba barbaɗa wa ciwo a gareji da tsakar gida ba su da wurin zama a nan. Suna ƙona nama, kyanwa kuma za ta lashe su ta haɗiye. Ɗaure ƙafa tamau da roba ko igiya yakan jawo a yanke ƙafar. Abin da ya soke ta ya maƙale, kara ne ko waya, a bar shi inda yake. Ƙashin da ya karye ma kada a tsaya ɗori.

Sai ɗumi, wanda shi ne babban taimakon da hannun gida ke iya bayarwa. A shimfiɗa wani abu a ƙarƙashinta don siminti yana zuƙe zafi, a lulluɓe ta, in jikinta a jiƙe yake a tsane shi. A zuba ruwan ɗumi a gorar roba, a gwada a cikin hannu kamar yadda ake gwada ruwan wankan jariri, a naɗe gorar da tsumma a ajiye gefen ƙirjinta ko bayanta. Kada gorar ta taɓa fata kai tsaye, domin dabbar da ba ta da ƙarfin matsawa za ta ƙone ba ta motsa ba. Kaskon garwashi da na'urar busar da gashi sun yi yawa: zafi mai ƙarfi yana buɗe jijiyoyin fata, sai jinin da jiki ya yi wahalar tarawa a tsakiya ya watse zuwa waje. Haka murza mata ƙafafu. A wasu asibitoci safar jarirai ake sa wa kyanwa a ƙafa, saboda ta tafin ƙafa zafi ke saurin fita.

Akwai ranar da duk wannan ke juyewa. A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, kyanwar da aka rufe bisa kuskure a sito mai rufin kwano ko a cikin mota tana iya faɗuwa tana haki, jiki zau, dasashi ja wur. Wannan ba a lulluɓe ta. Inuwa za a kai ta, a jiƙa jikinta da ruwan randa ko na famfo, a yi mata fifita, a kama hanya.

Yanzu ga maganar baki, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ba a ba kyanwar da ke cikin shok ruwa, ko madara, ko abinci. Tumbinta ya riga ya tsaya, kamar yadda Cannon ya gani shekaru fiye da 120 da suka wuce, abin da aka ɗura zai zauna ne ko ya dawo. Haɗiyarta ma ta raunana, sai ruwan ya bi ta maƙoshi ya sauka a huhu. In kuma za a yi mata aiki, cikin da ke cike matsala ne ga mai ba da maganin barci. Manja da madara da ake ɗura wa dabbar da ake zargin ta ci guba ba sa karya guba, kuma mai da ya shiga huhu ya fi ruwa illa. Ruwan gishiri don a sa ta amai shi kansa yana kisa. Rangwame ɗaya ne: 'yar jaririyar kyanwa da ta yi laushi don yunwa, ana iya shafa mata ɗan zuma a dasashi da yatsa, shafawa kawai ba ɗura ba.

Farasitamol kuwa, wato Panadol, ya cancanci a tsaya a kansa, don babu gidan da ba shi. Hantar mutum tana da wani sinadari da ke ɗaure maganin ya fitar da shi lafiya. Hantar kyanwa kusan ba ta da shi. Sai maganin ya rikiɗe ya zama guba mai lalata jajayen ƙwayoyin jini, su kasa ɗaukar oksijin. Miligiram 10 a kowane kilo ya isa ya fara ɓarna, wato miligiram 40 ga kyanwa mai kilo 4. Rabin ƙwaya mai 500 da Umma ta ce a jiƙa ya ninka wannan sau 6. Cikin 'yan sa'o'i dasashi ya koma ruwan ƙasa kamar cakulan, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Akwai makari, ana ce masa asetilsistin, amma aikinsa ya fi kyau in an fara da wuri. A yi tunanin wannan a jikin dabbar da dama ƙarancin oksijin ke neman kashe ta. Ibufurofen da dikulofenak da asfirin su ma ba su da sauƙi, suna gamawa da ƙodar da jini bai isa gare ta ba.

Maganin ƙwari ma yana cikin masu kai kyanwoyi ƙasa. Ota-fiya-fiya da Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayarwa a kasuwanni da kantuna a 2019, sinadari ɗaya ne ke cikinsu, kuma kyanwar da ta taka inda aka yayyafa ta lashe ƙafa za ta fara dalalar da miyau, jiki na karkarwa, baƙin ido ya tsuke. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin fametirin shi ma yana sa ta farfaɗiya. In a gashi abin yake, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, a tsane ta sosai, a ɗauki kwalbar a tafi da ita. Rubutun jikin kwalbar ya fi duk bayanin da za a yi wa likita da baki.

Ɗaukarta sai a hankali. A zura faranti mai faɗi ko gutun katako ko kwali mai ƙarfi a ƙarƙashinta, a ɗaga ta a miƙe yadda baya ba zai lanƙwashe ba, a sa ta a kwali mai hujin iska a rufe. Kwali ya fi ƙirjin mutum: kyanwar da aka rungume a bayan acaɓa ko cikin adaidaita-sahu tana iya farfaɗowa da ƙarar hon ta tsinke ta faɗa titi. Wadda numfashi ke wa wuya a bar ta ta zauna yadda ta zaɓa, galibi a kan ƙirji da gwiwoyi a buɗe, kada a kwantar da ita rigingine, kada a naɗe ta tamau. Irin wannan kokawa kaɗai tana iya ƙarasa ta. Yara su matsa, a rage hayaniya, wani ya buga wa likita waya tun ana hanya.

In numfashi ya tsaya gaba ɗaya, ba ta motsi ko an taɓa ta, akwai abin gwadawa. Ƙa'idojin da ƙwararrun likitocin dabbobi suka fitar a 2012 a ƙarƙashin shirin RECOVER, aka sabunta a 2024, sun ce a kwantar da ita a gefe, a kama ƙirjinta da hannu ɗaya, babban yatsa a gefe guda sauran a ɗaya gefen daidai saitin zuciya, a riƙa matsawa sau 100 zuwa 120 a minti, kowace matsa ta shiga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin faɗin ƙirjin. Bayan matsa 30 a rufe bakinta, a miƙe wuyan, a hura iska sau 2 ta hanci, ɗan abin da zai ɗaga ƙirji kawai. Gaskiyar magana, ko a asibiti mai kayan aiki yawancin waɗanda zuciyarsu ta tsaya ba sa dawowa. Kuma kyanwar da ba a san ta ba, ko wadda ake zargin ta ci guba, ba a sa mata baki.

Wahalar da ta fi kowacce a ƙasar Hausa ita ce inda za a kai ta. Akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, akwai kuma asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a manyan birane. Amma yawancin aikin dabbobi a nan na shanu ne da tumaki da kaji, kuma mai sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwa ba likita ba ne. Allurar da ke tayar da rago tana iya kwantar da kyanwa. Neman lambar likitan da ke duba ƙananan dabbobi aikin ranar lafiya ne. Za a sami mai cewa a kan mage kawai za a ƙona mai a biya kuɗin kati? Wanda ya tashi yana jin hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ya kuma san dalilin da ya sa ake kiran wani babban sahabi Abu Huraira, bai kamata tambayar ta yi masa wuyar amsawa ba.

A asibiti, oksijin ake fara ba ta, sai ɗumi, sai maganin kashe ciwo irin wanda jikinta ke ɗauka, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Ruwan nan kaɗan-kaɗan ake sa shi, mililita 5 zuwa 10 a kowane kilo, a tsaya a duba, domin in aka antaya wa kyanwa mai sanyi ruwa da yawa, da ta ɗumama jijiyoyinta suka tsuke sai ruwan ya cika huhu. Wannan ne ya sa ledar ruwa da maƙwabci ma'aikacin jinya zai ɗaura mata a gida ba taimako ba ce. Ƙarin jini ma yana da nasa tarko. Jinin kyanwa iri uku ne, A da B da AB, kuma ko ba a taɓa ƙara mata jini ba mai B tana ɗauke da garkuwa mai ƙarfi a kan A, ɗan kaɗan aka sa mata yana iya kashe ta, don haka sai an gwada. Inda aka rasa kyanwar da za ta bayar, likitoci kan sa jinin kare sau ɗaya tak. Yana riƙe ta kimanin kwana 4 kafin jikinta ya farfasa shi, in aka maimaita daga baya kuma ajali ne.

Likita zai so ya ji ƙarfe nawa abin ya faru, ko ta yi fitsari tun lokacin, ko an zuba maganin ɓera ko na sauro a gidan cikin makon, da kuma abin da aka riga aka ba ta. Wannan ta ƙarshe ita ce mutane ke jin nauyin amsawa, alhali in an ba da Panadol, faɗin sa'ar da aka ba shi ne zai nuna ko makari zai cim masa. Bayan an dawo gida, kwana biyun farko ake sa ido: ɗaki mai ɗumi, ruwa kusa, a duba ko ƙasar da take fitsari a ciki ta jiƙe, a ɗaga leɓe safe da yamma. In ta yi barci a zauna a ƙirga tashin ƙirjinta na minti ɗaya. Ƙasa da 30 shi ake so, in ya haura 40 a koma da ita a daren.